Dangwalen Malam Sale

Kwanan baya na leƙa tsohon ofishinmu don in gaida mutane, sai na tarar da wani matashi a kujerar da na yi shekara da shekaru a kanta, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana cin gyaɗa yana latsa kwamfuta. Na ce masa ya aiki. Ya ce, "Ai Baba aikin nan ba shi da wuya. In ya nuna kore ka wuce, in ya nuna ja ka bar shi." Na ce masa sannu da ƙoƙari. Ban yi masa faɗa ba, domin ba laifinsa ba ne, bai taɓa ganin fuskar mai jan ba. Amma tun daga ranar abin yake cina, shi ya sa na ce bari in rubuta muku, ku da kuke ganin tattara takardun masu neman shiga kwaleji aikin cin gyaɗa ne.

Sunana Shu'aibu. A ofishin ɗaukar ɗalibai na wata kwaleji a nan Daura na yi aiki har na ajiye, ba sai na kama sunanta ba. Aikina shi ne in karɓi takardun mai nema, in buɗe masa fayil, in bi diddigin abin da ya kawo da abin da ya rage, har fayil ɗin ya cika ya tafi gaban kwamiti. Ba ni nake ɗauka ba, ba ni nake kora ba. Ni dai mai taga ne.

Aikin farko da aka sa ni huda takarda ne. Maigidana a aikin, Malam Bawa, Allah ya ji ƙansa, dogo ne mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare, kuma ba ya yabo ko da kuskure. Ya ajiye mini abin huda da damin igiyar fayil, ya ce kada hujin ya taɓa rubutu, kada kuma ya zo bakin takarda inda zai yage. Na yi ta huda har na fara tambayar kaina ko don wannan na yi sakandare. Da ya ga hannuna ya faɗa sai ya ba ni fayil ɗin wata yarinya daga Zango ya ce in duba. Na duba tsaf, na ce ya cika. Ya ɗago hoton fasfo ɗinta ya juya bayansa, fari fat. Ya ce, "In zafi ya yi gam zai saki, hoton ya faɗi ƙasa cikin 'yan uwansa. Kai ne ubanta da za ka gane ta?" Daga ranar ban sake karɓar hoto ba sai mai shi ya rubuta sunansa a baya a gabana.

Koren da jan da kuke gani a kwamfuta, mu da zare muka fara shi. Fayil ɗin da ya cika a ɗaure shi da koren zare, mai giɓi da ja, a jera kowane a nasa gefen kanta. Sauran kayan aikin ba su da yawa: hatimi, da tawadar dangwale, da kwalbar gam, da jan biro, da ɗan soso jiƙaƙƙe a murfin gwangwani don kada mutum ya riƙa lasar yatsa yana buɗe takardun jama'a. Abin da ake nema kuwa, sakamakon jarrabawar sakandare, da na jarrabawar share fage, da shaidar haihuwa, da shaidar asali wadda kuke kira indijin, da hotuna, da takardar amincewar mahaifi ko mariƙi. A baki abu kaɗan ne. Amma ka tambayi wanda gara ta shiga akwatin uwarsa.

Na ga takarda iri-iri. Na ga wadda ta fito daga ƙarƙashin hula a naɗe cikin leda, ta yi laushi da gumi. Na ga wadda uwa ta adana a kwalla tare da zannuwanta, ina buɗewa ƙamshin turaren wuta ya cika ofis. Wani dattijo daga wajen Mai'aduwa ya taɓa kawo mini takardun ɗansa haɗe da rasiɗin sayen akuya da katin rigakafin jikarsa, ya zube su duka a taga ya ce, "Malam, zaɓi naka ka bar mani nawa." Akwai kuma masu kuɗin cikin gari da ba sa zuwa da kansu, sai su aiko direba da rabin takardu da gaisuwa mai tsawo, suna zaton gaisuwar za ta cike sauran rabin.

Dokar Malam Bawa guda ɗaya ce da ba ya ɗaga ƙafa a kanta. Kada ka ce wa mutum "je ka dawo" sai ka gama duba fayil ɗinsa daga farko har ƙarshe, ka faɗa masa duk abin da ya rage a zama ɗaya, ka sa ya maimaita maka. Yakan ce wanda ke tsaye a tagar nan wataƙila asubanci ya yi a kan babur, ya bar gonarsa da ciyawa. In ka mayar da shi saboda hoto, ya dawo ka sake mayar da shi saboda indijin, to ranar gobe kai da shi ne. Wannan magana ta zauna mini, kuma da ita na yi aiki har bayan ransa.

Yanzu ku fahimci abin da ake kira sahun farko, domin a nan ran aikin yake. Kafin a buɗe ɗaukar kowa da kowa, akwai ɗan lokaci gajere da ake karɓar waɗanda takardunsu suka cika da wuri. Su ne kwamiti ke fara zama a kansu. Fannoni masu tsada a idon mutane, irin su kiwon lafiya, a sahun farko suke cika, kuma tallafin karatu da gadon kwana duk a nan ake rabe su. Wanda ya faɗa sahu na biyu sai ya ɗauki abin da ya rage, ya kuma nemi ɗakin haya a gari. Ɗan mai hali ba ruwansa. Ɗan talaka kuwa, in sahun farko ya wuce shi, sau da yawa karatun ne ya wuce shi.

Shekarar da ba na mantawa ta zo bayan rasuwar Malam Bawa, ni ne babba a taga. Kafin ita an yi wani abin kunya. Wani ɗalibi ya kwanta rashin lafiya mai tsanani, aka nemi mutumin da sa hannunsa ke kan takardar amincewa, ya ce shi bai taɓa jin sunan yaron ba. Da aka bincika sai aka tarar yara da yawa su ne iyayen kansu, a gindin bishiya suke sa wa juna hannu. Hukumar kwaleji ta fusata ta kafa sabuwar doka. Dole mahaifi ko mariƙi ya zo da ƙafarsa, ya faɗi sunan yaron da bakinsa a gaban shaida, ya dangwala yatsa a gabanmu. Sannan takardu na asali za su zauna a fayil har kwamiti ya zauna, ba fotokwafi ba. Ni kaina na ce dokar ta yi daidai, domin na gaji da ganin rubutun yara ana ce mini na tsofaffi ne.

A cikin wannan damina Zubairu ya zo tagata. Saurayi ne siriri, ya ɗan girmi sauran masu nema, daga wani ƙauye a bayan garin Babban Mutum, can ƙasar Baure. Takardunsa a cikin ambulan suke, a jere yadda ake so, kowane hoto da suna a baya. Fannin kiwon lafiya yake nema, kuma makinsa ya kai har ya yi rara. Na duba daga farko har ƙarshe, abu ɗaya ne kawai babu.

Na ce, "Zubairu Mati, saura dangwale. Ka zo da Malam Mati."

Ya ce, "Allah ya yi masa rasuwa da azumin nan."

Na yi masa ta'aziyya, na ce to wa ya rage a kansa. Sai ya zaro wata takarda daga mai garinsu. A ciki an bayyana cewa Mati baffansa ne, ƙanen mahaifinsa, shi ya riƙe shi tun daga yaye, shi ya sa shi makaranta da sunansa. Mahaifinsa na jini kuwa Malam Sale ne, yana nan da ransa, gidansu ma katanga ɗaya.

Na ce, "Ashe abin ya zo da sauƙi. Ka zo da Malam Sale."

Ya sunkuyar da kai yana murza bakin ambulan. Can ya ce, "Baba, ni ɗan fari ne."

Ku yaran birni na yanzu wataƙila ba za ku ji nauyin wannan magana ba, ku da iyayenku ke ɗaukar ku hoto suna sakawa a waya. A gidajen da suka riƙe al'adar, uba ba ya kama sunan ɗansa na fari, ba ya zama da shi, ba ya nuna ya san da shi a gaban mutane. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma da ita ake auna mutuncin mutum. Shi ya sa ake ba wa ɗan'uwa riƙo, don yaron ya samu wanda zai kira shi da baki buɗe. Zubairu ya ce tun da ya yi wayo bai taɓa jin sunansa a bakin Malam Sale ba. In zai aike shi sai ya ce wa wani, "Gaya wa na wajen Mati." Shi ma Zubairun ba ya ce masa Baba, Malam yake cewa kamar kowa. To wannan mutumin doka ta ce ya tsaya a gaban baƙi ya ce wane ɗana ne.

Na tambaye shi in sahun farko ya wuce fa. Ya ce shi ke nan. Ya sha zama jarrabawar share fage, duk Mati ne ke ɗaukar nauyi, kuma sakamakon ba ya kwana zuwa baɗi. Yanzu ga matar Mati da ƙananan yara sun dawo wuyansa. Akwai abokinsa da ke haƙar zinare a Jado, can cikin hamadar Nijar, ya daɗe yana kiransa. Ya ce in bai samu gurbin nan da tallafinsa ba, can zai nufa. Na ɗaure fayil ɗin da jan zare, amma ban kai shi kanta ba, na ajiye shi a aljihun teburina.

Na fara da magatakarda, wato shugaban ofishinmu. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga takardar mai gari, ba za ta wadatar ba?" Mutumin kirki ne, ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Malam Shu'aibu, bara ma takardun masu gari muka karɓa, ka ga inda suka kai mu. In na buɗe wa ɗaya, gobe layin 'yan fari zai kai rijiyar Kusugu. Uban yana da rai, yana da ƙafa. Ya zo." Na tambaya ko wani kawu zai iya tsayawa. Ya ce in uba na raye kuma mariƙi ya mutu, uba doka ta sani. Abin da na samo a wurinsa kawai shi ne ba dole yaron ya kasance a wurin ba lokacin dangwale.

Zubairu ya aika wa mahaifinsa ta bakin mahaifiyarsa, ita ma da tata kunyar, ta aika ta bakin wata gwaggo. Saƙon da ya bi ta baki uku ban san yadda ya isa ba. Kwanaki suna tafiya, kullum in ɗaga kai in ga Zubairu a benci, kullum amsar ɗaya ce, Malam bai ce komai ba. Da na ga ranar rufewa ta matso sai na ce zuwa da kai ya fi aike. Ranar da ba aiki na hau babur ɗina na kama hanyar Baure.

Gero ya fitar da kai, hanya duk ruwa ya cinye ta. Na tarar da Malam Sale a ƙofar gida yana gyaran igiyar shanu, gajeren mutum mai furfura a gemu, mai sanyin murya. Ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura. Muka gaisa, muka yi maganar ruwan bana, da tsadar taki, da ciwon da ya ɗauke Mati. Da na kawo abin da ya kawo ni, na kama sunan Zubairu, sai ya kawar da fuska gefe kamar na faɗi abin da bai kamata ba.

Na ce, "Malam, na san al'ada, ni ma a cikinta na tashi. Amma ranar wanka ba a ɓoye cibi. Magana ɗaya ce za ka faɗa, ka sa yatsa, shi ke nan. Ba sai yaron yana wurin ba. Daga ni sai shugabanmu."

Ya daɗe yana jan igiyar nan a tsakanin yatsunsa. Ya ce, "Ni ma na fari ne a gidanmu. Har tsohona ya koma ga Allah ban ji ya kira ni ba. Kuma ban taɓa cewa ba ya so na ba."

Na ce, "Gaskiya ne. Amma shi ba a ce ya zo Daura ya dangwala ba."

Ya yi ɗan murmushi. Ya tambaye ni yaushe ake rufewa, na ce Juma'a mai zuwa, da an tashi tafiya masallaci. Ya ce, "Na ji." Da zan tafi ya sa aka ɗaura mini kaza a bayan babur, na ƙi, ya ce in ban karɓa ba na raina shi.

Na gaya wa Zubairu yadda muka yi. Ya ce, "Haka yake cewa, Baba. Ko za a yi ko ba za a yi ba, na ji ne." Na ce masa ranar Juma'a kada ya zo kusa da taga, ya je cikin gari ya zauna, ya ba dattijon fili. Ya ce to. Ya kuma gaya mini motar masu tafiya Agadas a ranar za ta tashi kafin sallah, kuma abokinsa ya kama masa wuri.

Ranar Juma'a ina buɗe taga na gan shi a benci, da 'yar jakarsa a ƙafa, fuskarsa tana kallon ƙofar shiga. Na ce ba haka muka yi da kai ba. Ya ce, "Ina so in ga shigowarsa ne, Baba. Ko daga nesa." Na kore shi zuwa bayan ginin, ya tafi, ba a jima ba na ɗaga kai na gan shi ya dawo. Ranar rufewa kuwa ba a cewa komai, layi ya yi tsawo, kowa da kukansa, wannan hotonsa ya ɓata, wancan ubansa kurma ne sai an ɗaga murya. Iyaye suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya faɗi sunan ɗansa kamar yana faɗin sunan kasuwa, ya dangwala ya wuce. Duk a kan idon Zubairu.

Da hantsi ya ɗaga, layi ya ragu, sai ya taso ya zo taga. Ya ce, "Baba, ba ni takarduna."

Na ce, "Ka yi haƙuri, da sauran lokaci."

Ya ce, "Malam manomi ne. Da zai zo, da sanyin safiya zai zo. Direba kuma ya ce ba ya jiran kowa."

Na ce to ya tafi ya bar takardun a hannuna amana, in dattijon ya zo fayil ya cika, in aika masa ya dawo. Ya girgiza kai. Ya ce wanda zai shiga hamada ba ya barin abin da zai riƙa waiwaya, kuma takardun nan gumin Baba Mati ne, gara su kwana a jikinsa. Na roƙe shi da girman Allah, na roƙe shi da darajar mamacin. Idonsa ya yi ja amma bai yi kuka ba. Takarda kuwa ta mai ita ce, in ya ce a ba shi ba ka da ikon riƙewa. Na kwance jan zaren, na zare su ɗaya bayan ɗaya, ya sa hannu ya karɓa. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baba. Ka yi abin da ba a sa ka ba." Ya rataya jaka ya fita ta babbar ƙofa. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na kasa amsa sallamar wanda ke bayansa.

Bencin da ya tashi a kai bai huce ba na ji wata sanyayyar sallama a taga. Malam Sale ne, cikin farar riga da aka ci wa guga, da hular da ba ta saba da kansa ba.

Na miƙe tsaye na ce, "Malam! Ina ka shiga tun safe?"

Ya ce, "Ina nan rumfar mai shayi, bakin ƙofa. Tun kafin a buɗe na iso. Ina hangen yaron ta jikin zana, na ce bari ya gusa tukuna. Yanzu ya wuce ta gabana, na juya mashi baya, bai gan ni ba." Ya faɗi haka da ɗan farin ciki, irin na wanda dabararsa ta ci.

Na ce, "Ka ga ambulan a hannunsa?"

Ya ce ya gani. Na gaya masa abin da ke ciki, da inda Zubairu ya nufa. Ya dafa bakin tagar da hannu biyu. Ban tsaya lallashi ba, na ruga na kira magatakarda, domin ko mun cim ma yaron, in ba dangwale kafin a rufe aikin banza ne. Magatakarda ya zo ya tsaya, na buɗe tawada, na yi tambayar da doka ta ce a yi. Na ce, "Malam Sale, wa ka zo tsaya wa?"

Bakinsa ya motsa ba sauti. Mutanen da suka rage a layi suka yi tsit, ya waiwaya ya gan su, ya sake juyowa. Sannan ya ce, da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba, "Zubairu. Zubairu ɗana ne, na fari." Ya danna yatsa a takarda har tawadar ta baje.

Magatakarda ya cire tabarau yana gogewa. Ya ce, "Ku je ku kamo shi. In takardun suka dawo kafin kwamiti ya zauna, ni zan karɓa da hannuna."

Na goya dattijon a babur muka nufi tasha. Aka ce motar ta cika da wuri, ta tashi. Muka bi hanyar Mai'aduwa, ina gudun da ban taɓa yi ba, shi kuma ya riƙe rigata gam. Muna isa Kwangwalam, bakin iyakar Nijar, masu canjin kuɗi suka ce motar ta ƙetare, direban sananne ne, ba a tsayar da shi. Na kira lambar wayar da Zubairu ya taɓa ba ni. Mace ta ɗauka, yara suna kuka a bayanta. Lambar Mati ce, wayar tana hannun matarsa. Zubairu ba shi da tasa, da ta baffansa yake amfani, ya bar musu ita. Malam Sale ya tsaya a bakin hanya yana kallon arewa har aka kira sallah, muka yi Juma'armu a nan.

Ban zauna ba. Duk direban da na ji yana bin hanyar Damagaram da Agadas na ba shi saƙo, na ce in ya ga wani siririn yaro Zubairu daga ƙasar Baure ya ce masa Malam ya zo, ya dangwala, ya dawo. Wani ya ce zai faɗa, wani ya ce Zubairu nawa ne a hanyar nan. Kwamiti ya zauna ya tashi. Fayil ɗinsa takarda ɗaya ce a ciki, mai yatsan ubansa, kuma ba a ɗaukar ɗalibi da takarda ɗaya. Gurbin ya tafi ga wani yaro, shi ma ɗan talaka ne, ba ni da abin cewa a kansa. Da shekara ta zagayo hukuma ta sassauta dokar, domin ba Zubairu kaɗai ta kayar ba, aka yarda kawu ko mai unguwa ya tsaya.

Damina ta sake zuwa ta wuce, ana cikin girbi, sai wani ɗan ƙauyensu da ya zo neman gurbi ya gaya mini an aiko daga Jado. Rami ya rufta da mutane, Zubairu yana ciki. A can aka binne shi.

Na je ta'aziyya. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Mati, domin a can ake karɓar gaisuwar, ɗan gidan ne. Malam Sale yana can gefe, a bayan mutane, yana jan carbi kamar maƙwabcin da ya zo taya zama. Masu zuwa suna yi wa 'yan uwa gaisuwa, in sun zo kansa su rage murya su wuce da sauri, don kada su ba shi kunya. Na durƙusa a gabansa na ce Allah ya ji ƙai, ya ba da haƙuri. Ya amsa ba tare da ya ɗago ba. Na yi addu'a na tashi.

Na kai wajen babur ina ƙoƙarin tayarwa sai na ji takun mutum a bayana. Malam Sale ne. Ya duba hagu da dama, ya ga ba kowa kusa, ya matso har ina jin numfashinsa.

Ya ce, "Malam Shu'aibu, ka samu ka gaya mashi na zo?"

Na so in ce e. Wallahi na so. Na ce, "Na aika, Malam. Ban sani ba ko ya isa."

Ya kalli ƙasa. Ya ce, "Da na faɗa, an ji ni sosai ko? Ban yi ƙasa da murya ba?"

Na ce, "An ji ka. Kowa ya ji."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To." Ya juya ya koma bayan mutane ya zauna.